Kaza Mai Zaƙi Da Tsami Tsakanin Magariba Da Lisha



Duk wanda ya san zaman birni a ƙasar nan, ko a Yamai yake ko Maraɗi ko Damagaram, ya san cewa babu sa'ar da ke matse gidan ma'aikata kamar wadda ke tsakanin faɗuwar rana da sallar Lisha. A cikinta ake dawowa daga aiki da ƙurar hanya a ka, a cikinta yara ke komowa daga makarantar allo ta yamma suna jan ƙafa, a cikinta kuma ake son a yi wanka, a yi salla, a duba littattafan lakkol, a ɗora tukunya. Tsakanin Magariba da Lisha a wajenmu bai wuce awa ɗaya da ƴan mintoci ba. Tuwo da miya irin wanda iyayenmu mata suka tashe mu da shi ba ya shiga wannan ɗan tsakani, domin su tun da azahar suke fara shirinsa, kuma akwai hannuwa da yawa a tsakar gida: ga abokiyar zama, ga ƙanwar miji, ga ƴan mata masu daka. Gidan ma'aikaci na yau kuwa sau da yawa manya biyu ne kacal a cikinsa, su biyun kuma a waje suka yini.

A gidanmu mutum shida ne ke jiran abincin dare. Mai ɗakinmu malama ce a wani lakkol da ke hayin kogi, sai ta ƙetare gada a cikin cunkoson yamma kafin ta iso. Mu kuma muna koyar da Larabci a wata madarasa, ba mu cika riga ta isowa da yawa ba. Abin da ke faruwa a irin waɗannan gidaje sananne ne, ba sai an ɓoye ba. Ko dai a miƙa wa yara kuɗi su je bakin titi su sayo abin da idonsu ya so, kowa ya ci nasa a tsaye, ko kuwa a nace sai an yi girki na sosai, tukunya ta sauka ƙarfe goma, a tarar ƙaramin ya riga ya yi barci da yunwa, a tashe shi yana kuka ana tura masa loma. Dukansu biyu asara muke ganinsu. Faranti ɗaya da ake zagayewa da dare shi ne wurin da uba ke jin wanda aka doka a lakkol, da wanda takalminsa ya tsinke, da wanda ya fara yin shiru ba gaira ba dalili. Idan aka rasa wannan zama daga Litinin zuwa Alhamis, dafa-dukar ranar Lahadi ba ta rama shi.

Saboda haka muka shiga neman girkin da zai sauka cikin minti 45, ya ƙosar, yara kuma su yi marmarinsa har su zauna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna mana shi ne cinyar kaza da ake lulluɓewa da romo mai kauri na wani ɗan itace da Faransawa ke kira siriz.

Da yawa daga cikin masu karatu sun san siriz a hoto kawai, a littafin karatu na lakkol ko a jikin takardar alewa. Girmansa kamar ɗinya, launinsa daga ja jawur zuwa ja mai duhu har ya kusa baƙi, da ƙwallo guda a ciki da dogon sili a kai. Iri biyu ne manya: mai zaƙi da ake ci ɗanye, da mai tsami wanda Faransawa ke kira griotte, shi ne na girki. Itacensa ba ya yin fure yadda ya kamata sai ya sha ɗaruruwan awoyi na sanyin da bai haura digiri 7 ba, sanyin hunturunmu kuwa na dare ne, rana na fitowa ya gudu. Shi ya sa ba mu gan shi a garakenmu ba. Marubutan Rumawa sun ce wani jagoran yaƙinsu mai suna Lukullus ne ya kai shi Italiya daga gaɓar Baƙin Teku, kimanin shekara 70 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma ana danganta sunan da garin Kerasus, wanda yau ake kira Giresun a ƙasar Turkiyya. Har yanzu Turkiyya na cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen noman mai zaƙin. Larabawan gabas suna ce masa karaz. Amma sunan da ya fi yi mana daɗi shi ne na mutanen Maroko, habbul muluk, wato ƙwayar sarakuna. A garin Sefru, kimanin kilomita 30 daga Fas, ana yi masa biki kowane watan Yuni, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2012.

To, mun san abin da zai fara zuwa zuciyar Bahaushe: me ya haɗa nama da zaƙi? Harshenmu ya raba su tun fil azal. Zaƙi yana cikin kunu da fura da nakiya da alkaki. Nama kuwa na gishiri ne da yaji da daddawa. Ko mu da aka fara gaya mana, sai da muka yamutsa fuska. Sai dai wanda ya ɗan leƙa littattafan Larabawa zai ga cewa wannan haɗi tsoho ne a ƙasashen Musulmi. A Bagadaza, cikin ƙarni na 10 na Miladiyya, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tara littafinsa na girke-girke, Kitab al-Tabikh, kuma cikin abincin da ake ji da shi a wancan zamani akwai sikbaj, naman da ake dafawa da ruwan tsami a sassauta shi da zuma ko wani abin zaƙi. Mutanen Halab a ƙasar Sham sun shahara da curin naman rago da suke dafawa cikin siriz mai tsami. Mutanen Iran suna da shinkafarsu ta albalu, siriz mai tsami a cikin shinkafa, kaza ko nama a gefe. A Maroko bayan babbar salla ana dafa naman layya da zuma da busasshen inabi.  Abin da matan gida na Amurka suka ƙara shi ne gaggawa: kasko ɗaya, wuta ɗaya, a sauke kafin awa ta cika. A can, jihar Mishigan ce cibiyar noman mai tsamin, irin da ake kira Montmorency, sunan wani gari ne a arewacin Paris. Wannan sigar ta gaggawa ita muka ɗauka.

Kafin a kai ga wuta akwai maganar saye, kuma a nan muke roƙon mai karatu ya natsu, domin nan ne wurin da gidan Musulmi zai iya zamewa bai sani ba. Ɗanyen siriz ba kasafai yake iso mana ba. Abin da ake samu a manyan kantuna, ko a jakar ɗan uwa mai dawowa daga Maroko ko Turkiyya ko Faransa, shi ne konfitir, ko busasshe, ko wanda aka jiƙa a kwalba. Kwalaben nan kuwa kamarsu ɗaya a ido. Wadda aka rubuta wa au sirop ruwan sukari ne, wadda aka rubuta wa au naturel ruwa ne kawai, waɗannan babu laifi. Amma akwai wadda za a ga an rubuta à l'eau-de-vie. Mai ɗan guntun Faransanci zai ga kalmar eau ya ce ai ruwa ne, alhali kuwa barasa ce mai ƙarfi wadda aka tace. Haka au kirsch, barasa ce da ake yi da siriz ɗin kansa. Haka au marasquin da à la liqueur. Ko mutardi da muke sa wa yasa da gasasshen nama, akwai irin da ake zuba wa vin blanc, a duba bayan kwalba. Wanda aka aika kanti, in yaro ne, a rubuta masa waɗannan kalmomi a takarda. Akwai kuma jajayen nan masu ƙyalli da ake ɗorawa a kan gato, waɗanda aka dafa cikin sukari aka rina su. Ba su da tsami ko kaɗan, ba su yi wa wannan girki amfanin komai ba.

Littafin girki na Faransanci da muka fara ganin wannan abinci a ciki ya ce a zuba rabin kofi na giyar porto, ya kuma kwantar wa mai karatu da hankali cewa wuta na korar barasa. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, har mun sha jin ta a bakin ƴan uwa da suka yi karatu a waje. Wani bincike da masanan abinci suka yi a Amurka, aka buga shi a 1992, ya auna abin: barasar da aka zuba a romo aka bar shi yana tafasa minti 15, kimanin kashi 40 cikin ɗari nata na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi take sauka zuwa kashi 5. Girkinmu kuwa gaba ɗayansa bai kai awa ba. Mun bar wannan layi na littafin inda muka gan shi, kuma abincin bai rasa komai ba, domin aikin da ake nema daga giyar, wato ɗan tsami da ɗan zaƙi, akwai mai yin sa a kowace madafa.

Binegar fa? Masu Faransanci sun san asalin kalmar, vin aigre, giyar da ta yi tsami, shi ya sa wasu ke ɗari-ɗari da shi. Shi ne khallu na littattafan fiƙihu. Malamai sun haɗu a kan cewa giya idan ta juye da kanta ta zama khallu, ta tsarkaka, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ci khallu ya yabe shi. Saɓaninsu yana kan wadda mutum ya juya da gangan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga lemun tsami, ga tsamiya, ba sai ya wahalar da kansa ba. Mu lemun tsami muka fi sawa, saboda ƙamshinsa.

Ga yadda muke yi wa mutum shida. Cinyar kaza shida da fatarsu, kimanin kilo ɗaya ko da ɗan ɗori, daga kajin gona masu taushin nama. Cinya muka zaɓa da gangan, domin ƙirji nan da nan yake bushewa, ita kuwa tana da kitse da jijiya, tana haƙuri da wuta ko an ɗan manta da ita. Tun da safe kafin a fita ake barbaɗa musu gishiri da masoro a rufe a firigo. Gishirin zai yini yana shiga har ƙashi. Da yamma a fito da su a tsane su sarai da tsumma mai tsabta. Wannan tsanewa ita ce rabin aikin. Naman da ke da ruwa a jiki ba ya soyuwa, turara yake yi, domin muddin akwai ruwa a kasko zafin ba zai haura digiri 100 ba, jan nan mai ƙamshi kuwa da muke so a jikin tsire da balangu sai zafi ya wuce haka sosai yake fitowa. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda abin ke faruwa tun a 1912. Mahautanmu sun daɗe da saninsa a aikace.

A ɗora kasko mai faɗi, mai kaurin gindi, a zuba man gyaɗa cokali biyu. In ya yi zafi a jera cinyoyin, fata a ƙasa, a bar musu sarari tsakani. Sa'an nan a cire hannu. Minti bakwai ko takwas ba taɓawa, ba juyawa, ba ɗagawa a leƙa. Wannan shi ne ya fi wuya ga mai gaggawa. Fatar da ta soyu ita da kanta take sakin kasko. In an ja ta tana riƙewa, lokacinta bai yi ba. A juya, a ba ɗaya gefen minti biyar, a kwashe a faranti. Idan man ya yi yawa a rage, a bar kamar cokali biyu, kada kuma a kankare abin da ya kama a gindin kasko, daɗin yana nan. A zuba albasa biyu yankakku, ƴar Galmi in an samu, don ita tana narkewa ta ba da nata zaƙin. In ta yi laushi a sa tafarnuwa ƙwaya uku da ɗanyar citta kamar kan yatsa, dakakku, minti ɗaya kawai.

Yanzu a rage wuta kafin zaƙi ya shiga. Konfitir na siriz cokali huɗu manya, ruwan lemun tsami cokali biyu, mutardi cokali ɗaya, ruwa kamar kofin shayi uku. In busasshen siriz ne, tafi biyu, a jiƙa shi da ruwan zafi tun ana suyar kaza, a zuba har ruwan, a ƙara zuma cokali ɗaya. In na kwalba ne a tabbata an cire ƙwallayen, saboda haƙora da maƙogwaron yara. Kada kuma a daka ƙwallon, cikinsa akwai abin da ke zama guba in an fasa shi da yawa. A motsa da muciya har abin da ya kama ƙasa ya narke cikin romo. A mayar da kaza, fata a sama, a rufe, a bar ta a kan ƙaramar wuta minti 15 zuwa 20. Dalilin jinkirta zaƙi a fili yake: sukari yana fara ƙonewa tun nama bai nuna ba, na zuma da na ƴaƴan itace ma sun fi saurin kamawa. Wanda ya shafe ɗanyar kaza da konfitir ya jefa ta a mai mai zafi zai sami baƙi mai ɗaci a waje, jini a ciki.

Daga nan a buɗe, a ɗan ƙara wuta, a tsaya a kai. Minti biyar na ƙarshe ba a barin kasko. Romon zai fara kumfa manya-manya, yana kauri, yana ƙyalli. A riƙa ɗiba da cokali ana kwarara wa cinyoyin. Idan aka ja cokali a gindin kasko hanya ta buɗe ta ɗan jima kafin ta rufe, ya isa. A soki cinya mafi girma kusa da ƙashi: ruwan da zai fito ya zama garau, babu ja. Masu ma'aunin zafi su nemi digiri 74. A ɗanɗana, in zaƙi ya rinjaya a matsa lemu, in tsami ya rinjaya a ɗiga zuma.

Yadda muka raba aikin kuwa, mu ke yin suya kafin kiran Magariba, mai ɗakinmu ta ɗora farar shinkafa a ɗaya murhun, ta haɗa romo ta rufe. Mu tafi masallaci da manyan yaran, ita tana kusa da wuta, don ba a barin gas a kunne gida babu babba. Muna dawowa mu karɓi cokali, ita ta yi tata sallar a natse. Kafin a kira Lisha an ci an wanke hannu.

Mun san za a ce kazar gida ta fi daɗi, kuma gaskiya ne, babu mai musu. Amma kazar da ta yi wata shida tana tsere da shaho a bayan gari ba za ta yi laushi a minti 20 ba. Mai son ta, ko mai son zabo, ya tafasa ranar Lahadi da albasa da citta da kanumfari har ta yi laushi, ya adana a firigo, ya yi amfani da ita cikin kwana biyu ko uku, romon tafasar kuma a dafa shinkafa da shi. A watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa ba mu ba da wannan shawara ba. A saya a dafa a ranar.

Akwai waɗanda suka ji labari suka yi mana dariya, wai ɗan liman a bakin murhu da muciya. Wani ma ya jefo kalmar nan ta mijin-ta-ce. Ba mu cika mayar da martani ba, amma tunda ga takarda ga alƙalami, bari mu ce wani abu. Kilishi da tsire da balangu duk aikin maza ne a ƙasar nan, ba mu taɓa jin an raina mai yin su ba. Namijin da zai zauna a fada awa biyu yana fifita gawayi, yana ɗaga buta sama yana neman kumfa, na ɗaya, na biyu, na uku, domin abokansa, shi ne kuma zai ji kunyar minti 20 a gaban kasko domin ƴaƴan cikinsa. Wannan lissafi bai taɓa fita mana ba. Mu da muka yi zaman makarantar allo a wani gari mun dafa wa kanmu tun ba mu kai shekara 12 ba, kuma duk ɗalibin hadisi ya karanta yadda Manzon Allah yake hidimar iyalinsa a cikin gida.

Alƙalin da muka fi jin tsoro shi ne mahaifinmu. Ya zo daga Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, don a duba masa ido, ya yi mako biyu a wajenmu. Mutum ne na tuwon hatsi da miyar kuka, wanda ko shinkafa yake kira abincin matafiya. Duk kwanakin nan surukarsa tuwo take tuƙa masa komai dare, sai ran nan shi da kansa ya ce a kawo masa abin da jikokinsa ke rububi a kai. Muka kai masa a ɗakin baƙi, muka durƙusa. Ya ɗaga murfi, ya daɗe yana kallon jan romon nan mai ƙyalli.

"Kai, wannan nama ne ko alewa?"

"Allah gafarta Malam, kaza ce. Habbul muluk aka sa mata."

Da jin sunan sai ya yi murmushi, domin ya taɓa zuwa Fas lokacin da ƙanenmu ke karatu a can. Ya ce a gidan wani malami an kawo musu naman rago da zuma da wasu baƙaƙen ƴaƴan itace, ya ci ne don kunyar mai gida, yana ci yana tunanin barkono. Ya yi bisimilla ya gutsura. Ya ci cinya ɗaya bai ce uffan ba, ya sa burodi ya share romon. Sa'an nan ya ce:

"Ka gaya wa ƴata Allah Ya yi mata albarka. Amma ku rage zaƙin, ku sa yaji. Kuma in tambaye ka, wannan kwalba nawa kuka saye ta?"

Muka faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce kuɗin ya kusa sayen wata kazar. "Ja ne da tsami kuke nema har Maroko? Me ya sami zoɓo?"

Ba mu da amsa, domin babu abin da ya sami zoɓo. Washegari aka gwada, kuma ita ce sigar da ta fi zama a gidanmu tun daga lokacin. Tafi ɗaya na busasshen zoɓo, a ɗauraye shi saboda ƙasa, a jiƙa cikin kofi ɗaya babba na tafasasshen ruwa minti goma, a tace. Dabino shida ko bakwai, na Bilma ko kowane iri, a cire ƙwallo a jiƙa tare da zoɓon don su yi laushi, a daka su su zama kamar ƙulli. Waɗannan biyu su ke maye gurbin konfitir da lemu da ruwa gaba ɗaya. Ba a ƙara wani tsami, na zoɓo ya isa har ya yi yawa. Mutardi na nan yadda yake. Sai garin tattasan Diffa cokali ɗaya da barkono gwargwadon bakin gida, bisa umarnin Malam. Sauran aiki duk ɗaya ne. Abin da ke ba zoɓo launinsa dangin wanda ke cikin siriz ne, kuma zoɓo yana da sinadarin nan da ke sa konfitir ya daskare, don haka romonsa yana kama jikin nama ba tare da an sa gari ba. Abu biyu za a kiyaye. Kada kanwa ta kusance shi, ko da an saba jefa ta don nama ya yi laushi, domin tana kashe tsamin ta mayar da jan ya koma wani launi mai duhu marar kyan gani. Kuma kada a bar romon ya kwana a tukunyar alminiyam, tsami yana cin ta ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. A juye a kwanon tangaran ko na roba.

Za mu faɗi gaskiya, ba ɗaya suke ba. Siriz yana da wani ƙamshi a can ƙarshen harshe wanda zoɓo ba shi da shi, kuma idan ƙanenmu ya aiko da kwalba muna murna, mu ajiye ta don ranar da aka yi baƙi. Amma a daren Talata, da yara huɗu da littattafan lakkol a baje a tabarma, ba mu ga wanda ya taɓa tambayar ina ƙwayar sarakuna ba.

Saura maganar masu ciwon sukari, don kusan kowane gida yanzu akwai dattijo ko dattijuwa da likita ya yi wa iyaka. Konfitir fiye da rabin nauyinsa sukari ne. Cokali huɗu manya kimanin giram 80 ne, sukarin ciki ya kusa giram 48. A raba wa mutum shida, kowa ya tashi da giram 8, wato ƙwayar sukarin shayi ɗaya da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ga babba. Ke nan cinya ɗaya ba ita ce abin tsoro ba, a dubi shayin da zai biyo bayanta, da tulin farar shinkafar da ke ƙarƙashinta. Wanda aka hana, a cire masa tasa cinyar bayan ta nuna, kafin minti biyar na ƙarshe, a ba shi da dambun zogale.

Mu ma da dambu muka fi son ta in an samu lokaci, sai dai dambu ba na daren aiki ba ne. Shinkafa fara, ko kuskus na kwali da ake zuba wa ruwan zafi a rufe minti biyar, ko burodi kawai, duk suna ɗaukar romon. Idan cinya ɗaya ta yi saura, wanda ba kasafai ba, a zare naman daga ƙashi tun da dare a cakuɗa shi da ragowar romo a sa a firigo. Da safe a ɗumama shi sosai, a tsaga burodi a cusa, a yanka huɗu, kowane yaro ya tafi lakkol da nasa.